Guntayen Katakon Inna Batulu

Ranar Asabar da hantsi iskar ruwan farko ta taso, rufin sabuwar makarantar wani ƙauye a gefen Fagam ya karye ya zube cikin aji. Allah ya kiyaye, ba ranar karatu ba ce. Wannan kuwa a shekarar da gwamnati ta ce kowane ɗa ya shiga makaranta ne, kuɗin mai na ta shigowa, azuzuwa na ta tashi ko'ina, wasu na kirki, wasu sai dai a yi shiru.

Kafin azahar an kai Dogara kafinta caji ofis na Gwaram, don shi ya kafa rufin. Dattijo ne, shekara talatin yana riƙe da zarto ba a taɓa kiransa gaban alƙali ba. In laifin ya tabbata kansa, gidan yari ne, kuma ba mai sake ba shi ko ƙofar bayi ya gyara.

Sajan Iliyasu aka ɗora wa binciken. Ya san dokar da aka kafa wa 'yan kwangila: katakon rufi sai busasshen maɗaci, a jiƙa shi kwana uku cikin maganin gara, sannan mai duba aiki ya zo daga Kano ya buga wa kowanne hatimi a baki da gudumarsa. Da ya je wurin ya kankare wani karyayyen katako da wuƙa. Waje baƙi ƙirin, ciki fari fat. Itacen malaina ne, ba maɗaci ba, ɗanya aka kafa ta, ta bushe ta tsage. Hatimi kuwa ko ɗaya bai gani ba.

Ya koma ya zauna gaban Dogara.

"Baba, ina hatimin?"

"Yallaɓai, bakin katako ai yanke shi ake yi kafin a kafa. Ya tafi da guntaye."

"Da ka yanka ba ka ga fari ba ne?"

Dogara ya sunkuyar da kai. Ya ce ya gani, ya ma faɗa wa ɗan kwangila, Alhaji Sabo. Alhaji ya ce masa wanda ya yi karatu ya duba ya buga hatimi, shi wane ne zai ja da gwamnati? Sai ya ja bakinsa ya ci gaba da aiki.

Alhaji Sabo bai musa ba. Amma ya kawo takardar mai duba aiki, da shaidu uku da suka ga an buga wa jan maɗaci hatimi a sitonsa na Birnin Kudu. Washegarin ranar Alhaji ya tafi Makka, bai dawo ba sai da aka fara aiki. Sajan ya ajiye shi gefe.

Sai Badaru direba, wanda ya ɗauko kayan. Sajan ya zarge shi, don baƙin da ke jikin katakon warin tsohon man mota yake yi. Badaru ya ce shi da Dogara suka zauna a gaban motar tun daga sito har Fagam, ko ruwa ba su tsaya sha ba. Dogara ya tabbatar.

Al'adar wurin gini ce a bar wa mai dafa wa ma'aikata abinci guntayen katako ta hura wuta. Sajan bai sa rai ba, amma ya nemi matar, wata tsohuwa Inna Batulu. Ya tarar da guntayen jibge a bayan ɗakinta.

"Inna, ba ki ƙona su ba?"

"Ɗan nan, sau ɗaya na gwada. Tuwona ya fito da warin tasha, leburori suka ce ko Badaru na aura. Ni da su har abada."

Sajan ya tsuguna ya ɗauki guda. Ga hatimi nan raɗau, na gaskiya. Ya juya shi, ya sa tsinin wuƙa a gefe, sai wani siririn yanki mai kaurin yatsa ya ɓanɓaro. Yankin ja ne, maɗaci. Sauran fari. Da ƙananan ƙusoshi aka haɗa su, aka lafta baƙin mai ya rufe mahaɗin. Ya buɗe goma, duk haka.

Ya sake kiran Badaru ya tambaye shi wa yake ba tsohon mai. Ya ce Salisu mai tsaron siton Alhaji ya karɓi garwa biyu, wai gara ta dame shi a gida. Sajan ya zaga kasuwar Birnin Kudu yana ɗaga kai, har ya ga sababbin rumfuna da jan maɗaci, bakin kowanne sabon yanka. Mai rumfunan ya faɗi wanda ya sayar masa.

Da aka kawo Salisu ya fara rantsuwa, Sajan ya ajiye guntun a gabansa.

"Malam Salisu, wannan aiki na kwanaki ne, a ɗaki rufe. Direba safiya ɗaya ya yi da kayan. Alhaji yana Makka. Da Dogara ne, da hannunsa zai ƙona guntayen, ba zai miƙa wa tsohuwa ba. Kai kaɗai ka riƙe mabuɗi mako biyu. Ka san kafinta zai yanke bakin, ka san mai tuwo za ta sa a murhu. Abin da ba ka yi tunani ba, man da ka ɓoye aikinka da shi ba a girki da shi."



Da la'asar aka saki Dogara. Sajan ya raka shi bakin ƙofa, ya ce ya je, hukuma ta wanke shi. Tsohon ya daɗe a tsaye yana gyara hularsa.

"Hukuma ta wanke ni, Yallaɓai. Amma jikokina biyu a ajin nan aka rubuta su, kuma na ga farin da idona."

Ya nemi a ba shi zartonsa da aka riƙe. Aka ɗauko masa, ya rataya, ya kama hanyar Fagam.