Maɓoyar Toka

Ranar Alhamis da hantsi, hadari ya taso daga gabashin Ƙaura Namoda. Makaranta tana hutu. Hamdiyya tana tsakar gida da kyanwarta Toka.

Toka tana da hali guda. Da ta ji tsawa, ko nokawut ɗin da yara ke fasawa da Salla, sai ta ruga ɗakin Inna, kakar Hamdiyya, ta shige ƙarƙashin gado. Ba ta fitowa sai gari ya yi tsit. Shi ya sa Baba ya kafa doka: in hadari ya taso, a bar ƙofar Inna a buɗe.

Amma tun Salla wata magana take cin Hamdiyya. Ƙawarta Zuhura ta yi mata dariya a gaban yara.

"Wannan mussa ce ko ɓera? Nokawut guda, ta ɓace kamar an hure ta."

Yau Inna ta tafi barka maƙwabta. Hamdiyya ta dubi sama, ta dubi ƙofar. Ta ja ta, ta sa sakata.

"Yau za ki koyi jarunta," ta ce wa Toka. "In kin saba ji, kin daina tsoro."

Tsawa ta farko ta faɗi. Toka ta kwantar da kunnuwa, ta ruga ƙofar Inna. Ta karce ta, ta sake karce ta. Hamdiyya ta ɗauke ta, ta ƙanƙame ta a ƙirji. Tana jin zuciyar kyanwar tana bugawa da sauri.

Tsawa ta biyu ta fi ta farko. Toka ta yakushi hannunta, ta dira ƙasa, ta bi ta zaure ta fice. Sai ruwa ya kece.

Hamdiyya ta duba madafa. Ta duba bayan randa da tarin itace. Ta leƙa ƙofar gida, ruwa yana dukanta. Ba Toka.

Da ruwa ya tsagaita, Baba ya fito da makulli a hannu. Shi Baba, Malam Zubairu, direba ne. Motarsa tana ƙofar gida, an ɗaure mata buhunan gero za ta Shinkafi. Fasinjoji uku da suka fake a zaure suka miƙe.

"Direba, mu kama hanya," in ji Audu mai takalma. "Mu je mu dawo da sauran rana."

A lokacin ne Hamdiyya ta ga sawun. Ƙananan sawu ne na laka a jikin tayar gaba. Sun hau, ba su sauko ba. Ta durƙusa ta leƙa. Can tsakanin ƙarafa, ta hangi bakin wutsiya mai ruwan toka.

Ta san akwai fanka a cikin injin. Baba ya sha gaya mata kada ta kai hannu wurin in mota tana kunne.

In ta yi magana, zai tambayi abin da ya hana Toka shiga ɗakin Inna. In ta yi shiru, zai murɗa makulli.

Baba ya shiga mota. Ya rufe ƙofa. Ya ce, "Bismillah."

Hamdiyya ta sha gaban motar, ta dafa bonet da hannu biyu.

"Baba, kada ka tayar."

Ya leƙo ta taga. "Ke, mi ya faru?"

"Toka tana cikin inji."

"Mi ya kai ta inji, ga ɗakin Inna?"

Hamdiyya ta sunkuyar da kai. "Ni na rufe ɗakin. Na so ta daina tsoro."

Baba ya dube ta, ya dubi yakushin da ke hannunta. Ya zare makulli, ya sa a aljihu. Ya fito ya ɗaga bonet a hankali.

Ga Toka nan a takure, dab da fanka. Jikinta sharkaf, idanunta sun yi ƙuru-ƙuru.

"Danna mata hon, yanzu ta fito," in ji Audu. "Ko a ba ni sanda."

Baba ya ce, "Ƙara ce ta shigar da ita, Audu. Ƙara ba ta fiddo ta."

Hamdiyya ta miƙa hannu. Toka ta yi mata huci, ta ƙara lafewa ciki.

"Kada ki ja ta," in ji Baba. "Je ki buɗe ƙofar da kika rufe. Ki zo da zanen Inna da busasshen kifi."

Ta tafi a guje, ta dawo. Baba ya shimfiɗa zanen a gindin taya, ya ajiye kifin a kai. Ya ce kowa ya ja baya, ya yi shiru.

Suka tsaya. Ruwa yana ɗiga daga indararo. Can wajen Zurmi, sama ta sake yin gurnani. Hamdiyya ta san in tsawa ta faɗi yanzu, Toka za ta ƙara shigewa inda hannu ba ya kai.

Audu ya duba agogo. Baba ya girgiza masa kai.

Toka ta ɗaga hanci. Ta sunsuni iska. Ta sauko da ƙafa ɗaya kan taya, ta tsaya. Sannan ta dira kan zanen. Ba ta ko kalli kifin ba. Ta bi ta zaure kamar kibiya, ta ratsa tsakar gida, ta shige ɗakin Inna.

"Alhamdu lillahi," in ji Audu. "Da mun kai ta Shinkafi ba ta biya kuɗin mota ba."

Fasinjoji suka yi dariya. Hamdiyya kuwa hawaye take sharewa.

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe, ɗiyata. Kin yi laifi da kika rufe ƙofa. Kin yi daidai da kika faɗi gaskiya kafin in murɗa makulli." Ya rufe bonet. "Kunnen Toka ya fi naki ji. Abin da kike ji tsawa guda, ita kamar goma ne. Mai jin tsoro ba a tilasta masa. Mafaka ake ba shi, a bar shi ya huce."

"Ko Zuhura ta yi dariya?"

"Ta yi ta yi. Ba ita za ta shiga inji ba."

Mota ta tashi. Hamdiyya ta koma cikin gida, ta jawo turmi ta tokare ƙofar Inna da shi. Ta ajiye kifin a bakin gado, ta fito ta zauna a dokin ƙofa.

Tsawa ta sake faɗuwa. Da ƙarar ta wuce, sai ta ji ana taunar kifi a ƙarƙashin gado.