Binciken Gwaggo Hinda a Kasuwar Dole

Hamisu maƙaryaci ne, kuma ba zan sakaya sunansa ba. Wanda zai zauna cikin dukiyar wani a ɗauke shi foto don ya yaudari gidan mutunci, ɓarawo ma ya fi shi kunya.

Khairat 'yar Malam Inuwa tela ce a Dungas. Ranar kasuwar garin ta fara ganin Faruku, yana tsugune yana duba fatun awaki. Igiyar takalminta ta tsinke a gabansa. Ya zaro basilla ya ɗinke.

"Ɗinkinka ya karkace," in ji ta.

"Idona ne ya bar kan ɗinkin. Laifin mai takalmin ne."

Ta ja gyale ta rufe dariyarta. Daga nan aka fara.

Faruku ɗan Yekuwa ne, yana sayen fatu a ƙauyuka ya kai wa majema da dukawa a Damagaram. Da ya turo manyansa, Malam Inuwa ya ƙi.

"Mai warin jima?" ya ce wa 'yarsa. "Ga Hamisu yana neman ki, yana da butik, shago guda na atamfa, a Kasuwar Dole ta Damagaram, na ga foto da idona. Ba zan ɗaura miki wanda ba kya so ba, amma Faruku ba da yawuna ba."

Da labari ya kai wa Faruku, ya aiko mata da mesaj: "Hasken idona, kada ki yi jayayya da Baba. Ki roƙe shi abu guda, a yi bincike kaina da kan Hamisu yadda iyaye suka saba. Abin da aka gano na yarda da shi."

Ta amsa: "Mai basillata, warin jimar nan ni turare ne a wurina. Zan roƙe shi."

Malam Inuwa ya amince. Ya tura yayarsa Gwaggo Hinda Kasuwar Dole, Khairat ta bi ta don sayen zare da yadi. Ba a gaya wa kowa ranar ba.

Khairat ba ta taɓa ganin kasuwa irin wannan ba. Suka ratsa layin masu tasa, suka faɗa na masu yaji har atishawa ta kore su, suka tsaya wurin Barebari masu humra aka shafa musu a wuyan hannu. Sau biyu suna ɓata, suna sake fitowa gaban mai kilishi guda.

Gwaggo Hinda ba ta tambayar halin mutum kai tsaye. Zama take yi ta taya kaya, ta yi ƙorafin gwiwa, sannan ta jefa suna kamar ba da gangan ba. Haka ta yi a rumfar wani tsohon baduku, Dikko.

"Jakar nan fatar kirki ce kuwa? Wani Faruku na wajenmu ya ce yana kawo fata nan."

"Faruku na Yekuwa?" Dikko ya ajiye wuƙa. "Hajiya, fatar kowa sai mun ɗaga ta a rana mu nemi huda. Tasa ba ma ɗagawa. In da huda, shi zai sa yatsa ya nuna maka."

Rumfa uku suka zauna, magana guda suka ji. Khairat ta fito tana tafiya kamar kasuwar ta ubanta ce.

"Sauke kafaɗa, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Saura ɗaya."

Da foton Hamisu da ke cikin waya suka gano shagon. Wani dattijo, Alhaji Abdussalam, yana zaune a kujerar da Hamisu ya zauna a foton. Gwaggo ta taya atamfa, ta nuna masa foton.

"Shagona ne, kujerata ce, hular nan ma tawa ce!" in ji Alhaji. "Hamisu dila yake sauke mini. Ashe in na tafi masallaci alhaji yake zama?"

Sai ga Hamisu da dila a ka. Ya gan su, ya sandare.

"Sannu da aiki, mai butik," in ji Gwaggo. "Da ka ce mana dako kake yi, da mun girmama guminka."

Gaskiyarta. Dako ba abin kunya ba ne. Ƙarya ce abin kunya.

Malam Inuwa ya ji komai. Ya sa aka kira Faruku, ya ce, "Ɗana, na raina ka ban san ka ba. Ka yafe mini. Turo manyanka."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Dukawan Damagaram suka zo mota cike, Dikko a gaba. Gwaggo Hinda ta rangaɗa guɗa, Malam Inuwa ya dafa kan 'yarsa ya ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai faɗin gaskiya." Jama'a suka ce amin.

Shi kuwa Hamisu, ranar da asirinsa ya tonu Alhaji ya sallame shi, kuma har yau babu gidan da ya shimfiɗa masa tabarmar zance a Dungas.