Ranar Da Ban Kira Kawu Tahar Ba

Lotfi ya shimfiɗa takardar a kan teburina, ya danne ta da yatsa ɗaya.

"Kin gane rubutun nan, 'yar baffa?"

Na gane mana, nawa ne. "Tashi ƙarfe shida. Ruwa lita uku ga kowa, da tabarau da rawani. A tsakiyar Shott a sauka daga kwalta, gishiri ya bushe."

Na ɗago na dube shi.

"A ina ka same ta?"

"Cikin motar da ta nutse. Wata takwas ke nan ina ajiye da ita." Ya saki murmushin nan nasa mai ƙona rai. "Ni ba mai tonon asiri ba ne, Widad. Ki bar Baffa ya sa mana rana kawai, in ƙyasta mata ashana."

A ofishin Babana da ke Tozeur ni ke tsara wa baƙi tafiya: lokacin tashi, abin ɗauka, inda za a tsaya. Doka ɗaya Baba ya kafa min. Kafin in rubuta a sauka kan gishiri, sai na kira Kawu Tahar, mai shayin da ya kafa rumfa a tsakiyar Shott, tafkin gishirin nan, ya caka sandarsa ta ƙarfe ya faɗa min abin da ya ji. Don Shott maƙaryaci ne na ƙarshe. Kwana biyu bayan ruwa sai samansa ya yi fari fat, ƙasansa kuwa taɓo zalla.

Ranar ban kira ba. Ina maƙale da waya muna hira da Belgasim, direbanmu, kan ranar da manyansa za su zo daga garinsu Douz neman aurena. Lokaci ya ƙure, na leƙa taga ban ga hadari ba, na rubuta. Ashe an sheƙa ruwa ta ɓangaren Kebili, can ƙetaren tafkin.

Belgasim kuma da ya ga rubutuna bai tsaya gwada ƙasa ba. Mota ta nutse har ƙofa da baƙi huɗu, wata tsohuwa ta suma kafin su tako zuwa kwalta.

Ina tsaye bayan Baba lokacin da ya tambaye shi, "Wa ya ce ka sauka?"

"Ni na ga dama, Haj."

Sau ɗaya ya dube ni. Na sunkuyar da kai, na yi gum.

Da ma Baba bai taɓa son maganar aurenmu ba, ɗan masu raƙuma yake ce masa. Ya karɓe makulli a gaban kowa, kuma a Tozeur ba mai sake bai wa direban da ya nutsar da mota aiki. Belgasim ya koma garinsu.

Ban kira shi ba. Kunya ta hana ni a satin farko, daga nan kuma kunyar rashin kiran ta ɗora. Kullum ina zaune ni kaɗai ina rubuta wa masoya hanya, mutum biyu, mutum biyu, ina gaya musu inda rana ta fi kyau in tana fitowa. In sun fita in kifa kai a tebur. Kewarsa ta cinye ni, ga haushin kaina da ya fi kewar.

Yau ga Lotfi yana son saye ni da laifina.

"Ɗaga yatsanka," na ce.

"Ki yi tunani dai..."

"Na yi na wata takwas. Ɗaga!"

Na samu Baba a gonar dabino yana duba ruwa, na miƙa masa takardar, na faɗa masa abin da Lotfi ya nema. Ya karanta sau biyu, don a ta farko bai yarda da idonsa ba.

"Ba ki kira Tahar ba?"

"Ban kira ba, Baba."

"Kina tsaye kuma na ci mutuncin ɗan mutane?"

"Ina tsaye."

Na so ya mare ni, da na samu sauƙi. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin kwari, sannan ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Gobe da safe Douz, ni da ke. Wancan ɗan'uwan naki kuma kar in dawo in tarar da shi a ofishina."

Ranar kasuwa muka isa. Muka iske Belgasim yana loda akwatunan dabino a motar wani, ya rame, ya yi baƙi. Baba bai ja shi gefe ba. A gaban 'yan kasuwa ya ɗaga murya ya ce yaron nan bai yi laifi ba, 'yarsa ce ta rubuta, shi kuma ya yanke hukunci bai bincika ba. Ya miƙa masa makulli da hannu biyu.

"Ka yafe min, ɗana. In har yanzu kana so, ka turo manyanka."

Belgasim ya karɓi makullin, Baba ya ja baya ya bar mu.

"Belgasim..."

"Kin rame, Widad."

"Ka yafe min, masoyina. Tsoro na ji."

"Takardar? Tun a ranar na yafe. Ai tare muka yi hirar da ta shagaltar da ke."

Zuciyata ta fara sanyi, har na ɗan yi murmushi. Shi bai yi ba.

"Ban so ki faɗa wa kowa ba, wallahi. Ni kawai na so ki kira. Ko kalma ɗaya. Wata shida ina kwana da wayar nan a ƙarƙashin kaina, ƙannena har tsokanata suke wai jiran kiran shugaban ƙasa nake."

"Ga ni na zo..."

"Kin zo." Ya juya makullin a tafinsa. "Da aka fara yankan dabino Inna ta nema min 'yar ƙanwarta, Mabruka. An karanta Fatiha. Na ba mahaifinta hannu."

"Kana son ta?"

"Ba ta yi min komai ba."

"Ba shi na tambaye ka ba!"

Idonsa ya kaɗa. "Kin san amsar, sanyin idona. Kin kuma san ni. In zan iya tsayar da yarinya a gaban jama'a in kunyata ta, da ke na fara yi wa."

Gaskiya ya faɗa. Halin da na so shi dominsa shi ne ya raba ni da shi.

Ya kama hannuna ya sa min makullin, ya rufe yatsuna a kai.

"Ki ce wa Haj na gode da ya wanke ni. Ba zan iya karɓar takarda daga hannunki kowace safiya ba."

Ya koma ya ɗauki akwati.

A hanyar dawowa na yi kukan da ban yi ba wata takwas. Baba bai rarrashe ni ba, bai kuma tambayi komai ba, ya dai rage gudu. Sai da dabinon Tozeur suka fara bayyana ya yi gyaran murya.

"Mutumin kirki ne."

"Na sani, Baba," na ce. "Tun ranar na sani."