Jan Fenti a Bangon Masallaci

Larai tana tankaɗen gero a tsakar gida sai ga mahaifinta, Malam Cindo, limamin ƙauyensu na bakin kogin Kwara kusa da Warra, ya shigo rai a ɓace. Ya ce wa Inna a mayar wa Sahabi da kayan toshinsa yau ɗin nan. Rariya ta suɓuce daga hannun Larai.

Sahabi ma'aikacin awo ne a aikin dam ɗin Kainji. Da safe ya shafa jan fenti a bangon masallaci, ya ce nan ruwa zai kai baɗi in an datse kogin. Da dattawa suka ce sai in Allah Ya so, bakinsa ya kwashe shi, ya ce lissafi ba ya jiran addu'a. Kai, boko in ya hau kan saurayi!

"Mai da'awar sanin gobe ya ja da Ubangiji," in ji Malam. "Ba ni ba shi ɗiyata."

Larai ta sha kuka har ta rame, amma ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba. Ta aika wa Sahabi cewa tana son shi, sai dai ba za ta zauna da mai raina addu'a ba. Saƙon ya soke shi ƙwarai.

Bayan wata huɗu, ta kai wa Malam buta, ta iske shi yana auna inuwa da ƙafa kamar kullum. Ta durƙusa.

"Baba, in ka ce saura taki biyu la'asar ta yi, gaibu ka sani?"

"A'a, ƙa'idar da Allah Ya ɗora wa rana nake bi."

"To ruwa fa, Baba, wa ya ɗora masa tasa?"

Malam ya dubi inuwarsa, ya gane awon Sahabi ma ƙa'idar Allah yake bi.

Ranar Juma'a Sahabi ya durƙusa gaban dattawa da hawaye, ya ce shi awo kawai ya yi, Mai ruwa Shi ke kora abinsa. Malam ya yafe masa.

Da lokacin ya yi, ruwa ya kai jan fentin, ya haɗiye masallacin. A sabon garin da aka mayar da su aka ɗaura aure, Malam da kansa ya ce wa surukinsa ya ɗauko na'urarsa ya auna masu alƙibla.

Haƙurin Larai ya nuna masu cewa ilmi bai zama kafirci sai mai shi ya manta Wanda ya koyar da shi.