Gangar Auta

Rana ta faɗi, gidan ya yi shiru irin na bayan cin abinci. Yaya tana durƙushe a bakin famfo tana wanke kwanuka. Ƙanwarta Auta tana lungun bayan kicin, gaban wata shuɗiyar gangar roba, tana zuba ɓawon dankali da ragowar shinkafa. Sai ga tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano. Wata ta biyo ta. Ta ƙarshe ba a kan rufi ta sauka ba, a kan murfin gangar ta zauna, kamar da hannu aka ajiye ta.

Tun da Auta ta dawo daga makarantar koyon aikin gona gangar nan ta zama 'yar gaban goshin gidan. Ta zo da wata dusa mai tsami, ta ce cike take da bakteriya, ƙananan halittun da ido ba ya gani, masu cinye ragowar abinci su mai da ita taki cikin 'yan makonni, ba sai an jira wata da watanni ba. Tana yayyafa musu ruwan sukari, tana lulluɓe gangar da tsohon bargo kada su ji sanyi, har "yarana" take ce musu. Baba kuwa, da ya ga yadda takin ya sa tumatirinsa ya yi shar, duk baƙon da ya shigo sai an kai shi ya gaida ganga.

Yaya ce shekara da shekaru take kai bokitin ragowa jujin bayan gida, ba wanda ya taɓa ce mata sannu. Yanzu bokitin ba komai a ciki sai ledoji. Kishi ya ci ta, kuma ba ta musa wa kanta ba. Takan tsaya a bakin jujin ita kaɗai, ta zazzage bokiti, ta zazzage cikinta: "To, mun zama tsofaffin kaya. An samu sababbi."

Jifan bai tsaya ba. Da zarar duhu ya soma shigowa sai ya fara, kuma a koyaushe wajen gangar yake ƙarewa. Daga baya aka fara jin wani abu kamar tauna a bayan katanga, tauna ta bakin da babu komai a cikinsa. Mama ta daina fita tsakar gida. Wani maraice Auta ta ɗaga murfin gangar, ta sandare a tsaye, sannan ta zube ƙasa. Da ta buɗe idanunta, ba ita ce a cikinsu ba.

Baba ya fita da gudu, ya dawo da wani dattijon malami mai sanyin murya. Aka miƙa wa Yaya fitila ta riƙe. Malam ya zauna a gefen Auta, ya yi ta karatu a hankali, har wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Ka daina ƙona ni."

"Wane ne kai? Me ta yi maka?"

"Ni ne mai jujin nan. Tun ba a haife ta ba nake cin ragowar gidan nan, ban taɓa fasa ko kofi ba. Yanzu ta kawo waɗansu. Su ma ba a ganinsu, ni ma ba a ganina. Su a ba su sukari, a rufa musu bargo, a kira su yara. Ni wa ya taɓa ce mini sannu?"

Yaya ta kawar da kai.

"Sai a kifar da gangar," in ji muryar, "ko in tafi da hankalin yarinyar."

"Ba za a kifar ba," in ji Malam. "Su ma halittu ne, abincinsu suke ci. Kai dai me kake nema da su ba sa so?"

Can muryar ta ce, "Ƙashi. Ba sa iya ƙashi da wuri, na leƙa na gani."

Aka tsaya a kan haka: ɓawo da ganye na ganga, ƙasusuwa na juji. Malam ya sa mai jujin ya rantse ba zai sake taɓa Auta ba. Amma kafin ya fita daga jikinta, sai kan Auta ya juya a hankali, idanun suka tsaya a kan Yaya.

"Da ban san an raina ni ba. Barcina nake yi. Ita ce take zuwa kullum tana gaya mini." Muryar ta yi wata 'yar dariya. "Na tafi, Malam. Amma wadda ta fi ni kishi ba karatunka ne zai fitar da ita ba."

Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki. Baba da Mama ba su kalli Yaya ba, kuma wannan ya fi mata zafi. Da Auta ta farfaɗo, ta laluba har ta kamo zanin yayarta.

"Yaya, ke ce? Don Allah rufe mini gangar, kada su ji sanyi."

Yaya ta ajiye fitilar ta nufi lungun. Bargon yana ƙasa. Ta daɗe a tsaye tana kallon gangar, ba ta ji tana ƙaunarta ba ko kaɗan. Ta ɗauki bargon ta kakkaɓe, ta lulluɓe ta har ƙasa.