Wata Uku a Allon Sanarwa

Ketaki tana goge wani tabarau a bayan kantar shago sai wata mata ta shigo, ba gaisuwa ba murmushi, ta dire wayarta a kan gilashin kantar.

"Wannan ke ce?"

Ita ce kuwa. Hoton takarda ne da aka liƙa a allon sanarwa na ofishin rajistar aure. Ga fuskarta, ga ta saurayinta Ninad, ga sunayensu har da adireshi. Ba ta taɓa ganin matar ido da ido ba, amma wannan hanci da wannan gira ta san su, kullum tana kallonsu a fuskar Ninad. Sulabha ce, mahaifiyarsa. A bayanta wata budurwa ta harɗe hannu tana murmushi, irin na wanda ya gama aikinsa ya zo kallo.

"Ni ce, Kaku," in ji Ketaki, yadda ake kiran kowace babbar mace don girmamawa. "Bismillah. Ki zauna mana..."

"Ban zo zama ba. An gaya mini yadda aka haife ki, wannan tsakaninki ne da wanda ya halicce ki. Abu ɗaya ya kawo ni. Maganinki ya ƙare, kin rasa mai biya miki, shi ne kika hango ɗana da katin inshorar kamfaninsa. Ki ce ƙarya nake."

Ketaki ta ajiye tabaraun a kan kantar. Da zagi ne zalla da ta san yadda za ta yi da shi, ta sha wanda ya fi wannan a tashar mota. Abin da ya soke ta shi ne akwai gaskiya a cikin maganar, ko da kaɗan ce.

Wata huɗu ke nan da ta baro garin Solapur ta dawo birnin Pune. A Solapur aka haife ta a jikin namiji, aka raɗa mata sunan da ta daina amsawa tun tana shekara ashirin da ɗaya. Gidansu suka rufe mata ƙofa, ita kuma ba ta tsaya ƙwanƙwasawa ba. Ta koyi yankan gilashin tabarau, ta bi ofis ofis har takardunta suka koma na mace, ta samu wata likita a ƙaramin asibitin wata ƙungiyar agaji, wadda ta shekara shida tana rubuta mata ƙwayoyin homon, sinadarin da ke mayar da jiki na mace, tana auna jininta duk bayan wata uku.

A Solapur ɗin ta haɗu da Ninad. Kamfanin kayan motar da yake wa aiki ne ya turo shi, ya zauna a kan tabaraunsa ya karya, ya kawo gyara. Sau huɗu yana dawowa wai hannun tabaraun yana matse masa kunne. A zuwa na biyar ta gaya masa ko ita wace ce, don shi ya huta ita ma ta huta. Ya ce ya ji, sannan ya tambaye ta ƙarfe nawa take tashi daga aiki.

Shekara biyu bayan nan ta biyo shi Pune, ta samu aiki a wannan shago. A zatonta ƙaura kwashe kaya ne kawai. Likitan farko da ta gani ya ce bai taɓa duba irinta ba. Na biyu ya ce sai ta koma farko ta kawo takardar likitan ƙwaƙwalwa, sai ka ce shekara shidan nan wasa ta yi. Masu inshorar shagonsu kuwa suka ce maganin nata kayan kwalliya ne, ba su biyan kwalliya. Ranar ta yi dariya har da hawaye. Kwalliyar da in ta rasa ta sai zufa ta riƙa keto mata ana tsakiyar sanyi, gashin haɓarta ya soma dawowa, ta kasa haɗa ido da madubi.

Ta fara raba ƙwaya biyu don su kai ta.

Ninad ne ya zo da mafita wata ranar Lahadi, suna cin vada pav, burodi mai soyayyen dankali a ciki, a tsaye a bakin titi. Ya ce ya bincika, inshorar kamfaninsu tana biya wa matar ma'aikaci irin wannan magani da gwajin jini duka. Ya ce dama aurenta zai yi, wannan ranar kawai ya matso da ita. Bakinsa duk barkono yake maganar. Ta ce wannan ce neman aure mafi muni da aka taɓa yi a duk jihar Maharashtra, ta kuma amince.

Auren ofis yana da dokarsa. Sai an liƙa sanarwa ta kwana talatin kowa ya gani, in kuma wata uku suka cika ba a ɗaura ba, takardar ta mutu. Sun yi niyyar Ninad ya lallaɓa mahaifiyarsa a hankali kafin lokacin. Sai dai gogan naka, da ya tashi bincikensa, ofishin kula da ma'aikata ya je ya yi tambayar da bakinsa. A wannan ofis Rutuja take aiki, 'yar ƙawar mahaifiyarsa, wadda aka daɗe ana yi masa tanadinta. Ita ce ta bi diddigi har allon sanarwa ta ɗauko hoto, ita ce kuma mai harɗe hannun nan a shago.

Da yamma Ninad ya zo ɗaukarta a babur, fuskarsa a murtuke, ya riga ya ji komai. Ya ce su rabu da kowa, saura kwana tara talatin ɗin su cika, su sa hannu a wuce wurin.

"Ba zan sa ba," in ji Ketaki.

"Ketu..."

"Ba zan sa ba sai na samu likitana da kaina, da sunana, ba da katinka ba."

"Don mahaifiyata ta faɗi magana cikin fushi? Ni na san ba don magani kike sona ba."

"Kai ka sani. Ni ce ban sani ba." Ta ɗago ta dube shi. "Da ta tambaye ni na kasa ce mata ƙarya take, Ninad. Ina sonka, wannan ban taɓa shakka ba. Amma ranar da ka yi maganar auren, abin da ya fara zuwa raina shi ne na huta da raba ƙwaya. Ba zan shiga gidanka da wannan a wuyana ba."

Ya ce taurin kai ne. Ta ce taurin kan ne ya kawo ta inda take. Ya tuna mata cewa takardar za ta mutu, kuma in aka sake liƙa wata dangi sun riga sun farka. Ta ce ta iya lissafin kwanaki. Ranar ba ta hau babur ɗinsa ba, bas ta bi, ta yi kuka daga tasha zuwa tasha ba wanda ya ce mata sannu.

Wadda ta nuna mata hanya Noori Tai ce, wata dattijuwa irinta da ke ɗinkin rigunan sari a bayan kasuwa, wadda ta san kowace ƙofa a garin da kuma wadda ba a ɓata takalmi a kanta. Ta gargaɗe ta kada ta kuskura ta sayi ƙwaya a kemis ba gwajin jini, ta ce ta binne ƙawa ɗaya saboda haka. Ta tura ta wani babban asibitin gwamnati inda ake duba irinsu ranar Alhamis.

"Za su wahalar da ke, 'yata, amma in fayil ya buɗu ya buɗu. Ki tafi da ruwa da abinci, ki bar zuciya a gida."

Sun kuwa wahalar da ita. Alhamis ta farko layi ya ƙare kafin a zo kanta. Ta biyu aka ce ta kawo shaidar tana zaune a garin, mai gidan hayarta kuma ya ƙi sa hannu, sai da ta yi sati biyu tana gyara wa iyalinsa tabarau kyauta. Likitan ƙwaƙwalwa ya ba ta ranar da ta fi wata guda nisa. Tsohuwar likitarta ta Solapur ta tausaya mata ta turo takardar magani ta ƙarshe tare da duk bayanan shekara shida, ta ce daga wannan ba za ta iya rubuta wa wadda ba ta gani ba.

Ninad bai daina zuwa ba. Kullum da rana yana aiko mata da abinci, kullum da yamma yana tsaye a ƙofar shago. Sau uku ya nemi ya raka ta asibiti, sau uku ta hana shi. Ya rame, ita ma ta rame. A gidansu kuwa Rutuja ta mayar da kicin ɗin Sulabha kamar nata, tana kawo labarin cewa ai ga shi nan an gani, da aka tona asirin yarinyar ta gudu. Ninad ya tashi daga kan abinci ya ce da ita a gaban mahaifiyarsa, ko mata sun ƙare a duniya ita dai 'yar'uwa ce, kuma daga yau ba ma wannan. Daga ranar ƙafarta ta ɗauke.

Saura kwana biyar takardar ta mutu, wata likita mai furfura ta karanta bayanan Ketaki daga farko har ƙarshe, ta ɗago ta ce an kula da ita da kyau, ba dalilin komawa baya. Ta rubuta magani, ta buga hatimi, ta sa mata ranar dawowa gwajin jini. Ketaki ta karɓi ƙwayoyinta a tagar asibitin, ta haɗiyi guda cikakkiya a tsaye a wurin.

Ba ta kira Ninad ba. Gidansu ta nufa kai tsaye.

Sulabha tana tsince shinkafa a faranti ta buɗe mata ƙofa. Ba ta ce ta shigo ba, ba ta kuma rufe ba. Ketaki ta cire takalmi, ta ajiye fayil ɗin a kan tebur, mai kauri, an ɗaure shi da zare.

"Kaku, ranar nan kin yi mini tambaya na kasa amsawa. Yau na kawo amsa. Ga likitata, ga maganina, duk da sunana. Ba na bukatar katin ɗanki, ba na bukatar komai nasa." Ta ɗago ta dubi Sulabha. "Shi ɗin nake so. Na auna na ga ko ba komai shi nake so. In ya yarda, jibi za mu sa hannu. Ban zo neman izini ba, na zo ne kada ki sake ji a bakin wani."

Sulabha ta goge hannu a gefen sarinta, ta sa tabarau, ta kwance zaren. Da alama ƙarya take nema. Ta riƙa buɗe shafi bayan shafi, gwajin jini, gwajin hanta, gwajin jini kuma, kwanan wata na bin kwanan wata har shekara shida. A nan garin ko ciwon haƙori ne ba ka zuwa asibiti sai da mutum biyu a bayanka, ɗaya ya riƙe jaka ɗaya ya yi faɗa da nas. Sulabha kanta ba ta taɓa zuwa awon suga ba sai da rakiya.

"Duk wannan jinin da aka ɗiba," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "wa yake raka ki?"

"Ni kaɗai nake zuwa."

"Uwarki fa?"

"Shekara shida ba ta ɗauki wayata ba."

Sulabha ta rufe fayil ɗin, ta ɗaure zaren da kyau fiye da yadda ta same shi, ta miƙa mata. Ta ce kada su sa ran ganinta a ofishin. Ta koma kan shinkafarta.

Ba ta kuwa zo ba. Aka ɗaura auren cikin minti goma sha biyar, shaidu uku, Noori Tai da abokan Ninad biyu. Ninad ya rataya mata furanni, ya raɗa mata a kunne cewa ta kusa kashe shi, rabin ransa. Ta ce ya yi haƙuri, ba za ta sake ba sai in ya ja. Sun yi dariya, amma ta ga yadda yake satar kallon ƙofa har suka fito, abin ya tsaya mata a rai.

Bayan sati uku ranar gwajin jininta ta zo. Ninad ya ce zai ɗauki hutu, ta ce ya tafi aikinsa, ta saba. Ta sauka daga bas da sassafe, fayil a hammata, tana sauri don ta kama layi.

A bakin ƙofar asibitin wata mata tana tsaye da kular abinci a hannu ɗaya, laima a ɗayan, fuska a ɗaure tamau.

Ketaki ta tsaya cak.

"Kaku..."

"Kin makara. Tun ɗazu na karɓar miki lamba, ke ce ta goma sha ɗaya. Na ga ranar a takardarki." Sulabha ta fizge fayil ɗin daga hannunta ta rungume. "Ba ki ci komai ba dai ko? An ce ba a ci kafin a ɗiba. Ga poha nan na dafa miki da shinkafa, in kin fito ki ci."

"Kaku, ai da ba ki wahalar da kanki ba..."

"Kada ki ɗauka na huce, ban huce ba. Amma matar ɗana ba za ta zauna a layin asibiti ita kaɗai kamar marar dangi ba. Kuma ki daina ce mini Kaku a gaban mutane, sai a zaci maƙwabciya ce ta rako ki."

Ta wuce gaba tana ture mutane da laima. Ketaki ta bi bayanta, hawaye na zuba ba ta ko share ba. Da nas ta leƙo ta tambaya ko wa ke tare da lamba goma sha ɗaya, a karo na farko akwai wanda ya amsa.

"Ni ce," in ji Sulabha. "Uwarta."