Ranar da Sa'adiya Ta Kama Sunan 'Yar Fari

"Maimaita in ji," in ji Inna Hajara daga bakin ɗaki. "Sunan wa kika kama yanzu?"

Sa'adiya ta sunkuyar da kai gaban surukarta. Kusa da ita 'yarta ta fari, Binta, mai shekara biyar, tana jera murafen kwalba a layi, ko waiwayowa ba ta yi ba. Yarinyar ba ta magana, ba ta duban idon mutum, in an kira ta ba ta juyowa.

"Inna, Sista Ummulkhairi ce ta ce..."

"Sista ce ta yi miki tarbiyya? Kaf Bunkure wace 'yar mutunci ce ke kama sunan 'yar fari? Yayan mijinki ya kai arba'in, bakina bai taɓa furta sunansa ba."

Takaici ya cika Sa'adiya. Shekara biyar ana yaba kunyarta, domin ko kallon yarinyar ba ta yi a gaban mutane. A shekarun nan an yi hayaƙi, an sha rubutu, shiru. Sai a watan jiya mijinta Muhammadu Sani, malamin gona a aikin noman rani, ya kai su asibiti a Kano. Likita ya ce ba kurumta ba ce, ba kuma iska ba. Lalura ce da ake kira otizim, da ita ake haihuwar wasu yara. Sista Ummulkhairi, ma'aikaciyar jinya a can, ta koya wa Sa'adiya ta riƙa zama gaba da gaba da yarinyar kullum, ta tafa sau biyu, ta kira sunanta. Ta ce kuma duk ranar Alhamis ta riƙa zuwa inda iyayen irin waɗannan yara ke haɗuwa.

Da la'asar Sani na kafe babur, Inna ta tare shi.

"Ko matarka ta bar wannan fitsara, ko ta koma gidan ubanta a Madobi, ta bar mini jikata. Ba za a yi da ni a gidan biki ba."

Ya durƙusa. "Inna, ki yi haƙuri, ni na ba da oda. Magani ne."

"Magani! Wato boko har suna ya mayar magani."

A ɗaki ya ce da Sa'adiya, "Ki ci gaba da firaktis ɗinku a hankali. Ban ɗauko ki daga Madobi don in mayar ba."

"A hankali, Malam? 'Yata ce fa, amma sai ka ce sato ta na yi."

Haka ta yi wata huɗu tana tafi a ɓoye, tana raɗa suna. Wata rana Binta ta ɗago, wata rana ko gezau.

Ran nan da hantsi aka sako ruwa don gonakin alkama. Binta, mai tsananin son kallon ruwa, ta sulale ta ƙofar baya. Aka iske ta tsaye a leɓen babbar magudana, yatsun ƙafarta sun leƙa. Mata masu tsinkar tumatir suka taru, ba mai iya matsawa, don an san in aka taɓa ta ba zato takan zabura.

"Ke! Ƙawata, dawo nan," Inna ke ta kira. Yarinya ko motsi.

Sa'adiya ta dubi taron, ta dubi surukarta. Inna ta kawar da kai, hawaye na zuba, ta ce, "Kira ta mana, me kike jira?"

Sa'adiya ta durƙusa, ta tafa sau biyu.

"Binta."

Yarinyar ta juyo. Ba ta dubi idon uwarta ba, amma ta tako, ta kama bakin mayafinta.

Binta ba ta wayi gari tana magana ba, kuma tsegumin mata bai ƙare ba. Sai dai ranar Alhamis Inna ce ta riga kowa shiri, tana mita cewa wannan Sistar sai ta yi mata bayani da bakinta. A mota Sani ya raɗa wa matarsa, "Madobi dai sai ziyara."

Kunya ado ce, ba mai musun haka. Amma yaron da Allah ya halitta daban yana bukatar a dube shi, a kira shi, a kai shi wurin masana. Mutuncin gida ba ya zubewa don uwa ta kira 'yarta.